Harshen Zulu da sabuwar dokar ilimi: Wa ke da ta cewa kan harshen aji a Afirka ta Kudu?

Tun ranar 13 ga Satumba, 2024, da Shugaba Cyril Ramaphosa ya sa hannu a dokar gyaran ilimin matakin farko da ake kira BELA, ake ta kai ruwa rana a Afirka ta Kudu kan harshen da za a koyar da yara da shi. Ministar ilimin matakin farko ma, Siviwe Gwarube ta jam'iyyar DA da ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da ANC, ƙin halartar bikin sa hannun ta yi. A tsakiyar wannan hayaniya sai ga wani shiri daban na gwamnati, na ci gaba da koyar da yara da harshen uwa daga aji 4, wanda aka soma aiwatarwa a 2025. Labaran biyu suka cuɗe a kunnen jama'a, har wasu suka ɗauka cewa an yi doka ne ta ɗora harsunan baƙaƙen fata a kan Turanci da Afrikaans, harshen da ya samo asali daga na Turawan Holan. Ba haka batun yake ba. Abubuwa ne biyu, kowanne da inda ya dosa, kuma harshen da ya fi dacewa a auna su da shi shi ne Zulu, domin babu harshen da ya kai shi yawan masu magana a ƙasar.

Su wane ne masu harshen?

Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen Afirka ta Kudu sun kai miliyan 62, kuma kashi 24.4 cikin 100 Zulu suke yi a gida, wato kusan mutum miliyan 15. Xhosa ne ke biye da kashi 16.3, sai Afrikaans 10.6, sai Sepedi 10, Turanci kuwa 8.7 kacal. A lardin KwaZulu-Natal, inda birnin Durban yake, kusan mutum 8 cikin 10 Zulu ne harshensu. A Gauteng, lardin Johannesburg da Pretoria, fiye da mutum 1 cikin 5 ne, kuma a can shi ne harshen da ya fi kowanne yawa. A tashar mota da kasuwa da wuraren gine-gine na Johannesburg, idan mutane biyu masu harshe daban suka haɗu, sau da yawa da Zulu suke daidaitawa.

Masu harshen suna kiran shi isiZulu, jama'ar kuma amaZulu, ƙasarsu KwaZulu. Yana cikin rukunin Nguni na dangin harsunan Bantu, tare da Xhosa da Swati da Ndebele, kuma masu waɗannan harsuna suna jin juna gwargwado ba sai da tafinta ba. Ndebelen Zimbabwe ma reshe ne na kusa, domin mutanen Mzilikazi ne da suka ɓalle daga mulkin Shaka suka yi arewa. Kafin Shaka, wanda aka kashe a 1828, Zulu ƙaramar zuriya ce a cikin zuri'o'i masu yawa. Yaƙe-yaƙensa ne suka haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya, daular da ta ragargaza rundunar Ingila a Isandlwana a Janairun 1879 kafin a ci ta a Ulundi cikin Yulin wannan shekara.

Sarautar tana nan, Misuzulu kaZwelithini ne a kai tun bayan rasuwar mahaifinsa a 2021. Amma kuskure ne a ɗauki masu harshen Zulu a matsayin masu murya ɗaya. John Langalibalele Dube, shugaban farko na ƙungiyar da ta zama ANC, Bazulu ne, haka Albert Luthuli, haka Jacob Zuma. Mangosuthu Buthelezi da ya kafa ƙungiyar siyasa ta Inkatha a 1975 shi ma haka, kuma dubban da suka mutu a rikicin Inkatha da ANC gab da ƙarshen mulkin wariya, akasarinsu masu harshe ɗaya ne suka kashe juna. A zaɓen 2024 ƙuri'un KwaZulu-Natal sun rabu tsakanin jam'iyyar MK ta Zuma, da IFP wato Inkatha, da ANC, da DA.

Harshen hukuma daban, harshen koyarwa daban

Kundin tsarin mulkin 1996 ya amince da harsunan hukuma 11, aka ƙara maganar hannu ta kurame a 2023 suka zama 12. Sashe na 29 ya ba kowa 'yancin yin karatu a makarantar gwamnati da harshen hukuma da ya zaɓa, amma da sharaɗi: idan hakan mai yiwuwa ne a aikace. Wannan sharaɗin shi ne ƙofar da kowace gardama ke bi.

A aikace ga yadda abin yake. Yarinya a wani ƙauye kusa da garin Nongoma a KwaZulu-Natal tana shiga aji 1, malamarta na koya mata lissafi da karatu da Zulu, Turanci kuma darasi ne guda a jadawali. Haka har aji 3. Ranar da ta shiga aji 4 sai littafin lissafi da na kimiyya da na tarihi duk su koma Turanci, harshen da ba ta ji a gida, ba ta ji a filin wasa. Malamin zai karanta jimla da Turanci, ya juya ya yi bayani da Zulu don a gane, sannan ya ba da jarrabawa da Turanci. Zulu ya koma darasi ɗaya cikin darussa. Ɗan da aka haifa a gidan masu Turanci ko Afrikaans ba ya fuskantar wannan tsallake. Da harshen gidansu zai fara, da shi zai rubuta jarrabawar kammala sakandare da suke kira matrik, wadda in ban da darussan harshe, da Turanci da Afrikaans kaɗai ake shirya ta.

Kotu ma haka. Tun 2017 shugabannin kotuna suka tsayar da Turanci a matsayin harshen rubuta shari'a, ko da alƙali da lauya da wanda ake tuhuma duk Zulu suke ji. Akwai tafinta, amma abin da zai shiga kundi shi ne Turancin tafintan.

Wannan ba don harshen ya rasa rubutu ba ne. Mishan sun buga littattafan nahawunsa tun tsakiyar ƙarni na 19, an kammala fassarar Baibul a 1883, Dube ya kafa jaridar Ilanga a 1903 wadda har yau ake bugawa, sannan B.W. Vilakazi da C.M. Doke suka fitar da babban ƙamus a 1948. Jaridar Isolezwe ta fito a 2002 ta yi kasuwa. Gidan rediyon Ukhozi FM, mai masu sauraro sama da miliyan 7, shi ne mafi girma a ƙasar. Harshen yana da kasuwa da rediyo da coci da dandalin siyasa, abin da ya rasa shi ne takardar shaida.

Tabon da mulkin wariya ya bari

Mai son gane dalilin da ya sa iyaye baƙaƙe da yawa ke ɗari-ɗari da koyarwa da harshensu, sai ya koma 1953. A shekarar ce gwamnatin wariyar launin fata ta kafa dokar Ilimin Bantu, ta ƙwace makarantun baƙaƙe daga hannun mishan, ta wajabta koyarwa da harshen uwa har shekara 8 na firamare. Hendrik Verwoerd, ministan da ya jagoranci dokar, bai ɓoye manufarsa ba: a shirya baƙar fata don aikin ƙarfi, kada ya sa rai da matsayin da aka keɓe wa Turawa. Kuɗin da ake kashewa kan ɗan baƙar fata ɗan ƙanƙani ne idan aka kwatanta da na ɗan Bature. Harshe kuma ya zama igiyar rarraba mutane zuwa yankunan ƙabila, KwaZulu na Zulu, Transkei na Xhosa. A idon iyaye, harshen uwa a makaranta da katangar da ta tare 'ya'yansu abu ɗaya ne.

A 1974 gwamnati ta ƙara gishiri a ciwo, ta ce a manyan azuzuwa a raba darussa gida biyu tsakanin Turanci da Afrikaans, a koyar da lissafi da ilimin zamantakewa da Afrikaans. Ɗaliban Soweto suka fito ranar 16 ga Yuni, 1976, 'yan sanda suka buɗe wuta, ɗaruruwa suka mutu a watannin da suka biyo. Abin lura a nan, yaran ba Zulu ko Sesotho suka fito nema ba. Afrikaans suka ƙi, kuma Turanci ne ya fito daga wannan rikici da sunan harshen 'yanci da ci gaba. Dokar 1979 ta rage shekarun harshen uwa zuwa 4, daga baya al'ada ta tsaya a kan 3.

Bayan 1994 manufar harshe a ilimi ta 1997 ta ƙarfafa riƙe harshen gida tare da ƙara wasu. Sai dai dokar makarantu ta 1996 ta riga ta miƙa ikon zaɓen harshen koyarwa ga kwamitin gudanarwa na kowace makaranta, wanda iyaye ne ke da rinjaye a cikinsa. A makarantun baƙaƙe iyaye suka zaɓi Turanci. A makarantun Afrikaans suka riƙe Afrikaans.

Abin da BELA ta canza

Dokar ta ƙunshi abubuwa da yawa da ba a yi musu sosai a kansu ba, kamar wajabta ajin share fage da ƙara tsaurara haramcin dukan ɗalibai. Sassa biyu ne suka tayar da ƙura, na 4 kan ɗaukar ɗalibai da na 5 kan harshe. Ramaphosa ya jingine su na wata 3 don jam'iyyun gwamnatin haɗin gwiwa su tattauna, sannan ranar 20 ga Disamba, 2024, ya ce a aiwatar da dokar gaba ɗaya. Kwamitin makaranta har yanzu shi ke tsara manufar harshe, amma shugaban ma'aikatar ilimi na lardi yana iya umurtar makaranta ta ƙara harshen koyarwa na biyu, bayan ya tuntuɓi kwamitin ya kuma duba buƙatar al'ummar yankin da yawan azuzuwa da malamai. Kwamitin da bai yarda ba yana da damar ɗaukaka ƙara.

Tushen wannan yana cikin shari'o'i irin ta makarantar sakandaren Ermelo a lardin Mpumalanga, yankin da masu Zulu ke da yawa. Makarantar Afrikaans ce mai sauran wuri, makarantun da ke kewaye da ita kuwa sun cika maƙil. Ma'aikatar ilimi ta tura mata yara sama da 100, kwamitin ya ce sai dai su yi karatu da Afrikaans. A 2009 Kotun Tsarin Mulki ta ce hanyar da ma'aikatar ta bi ta saɓa doka, amma ta kuma umurci makarantar ta sake duba manufarta da la'akari da yaran da ke waje, ba na ciki kaɗai ba.

ANC da ƙungiyar malamai ta SADTU suna ganin wasu makarantu sun mai da harshe ƙyauren da suke rufe wa baƙaƙe, alhali da kuɗin jama'a aka gina su. DA da AfriForum mai kare muradun masu Afrikaans da ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity suna cewa gwamnati ta kasa gina isassun makarantu ne, shi ya sa take son cin gajiyar 'yan ƙalilan da ke aiki, kuma duk makarantar da aka shigar wa Turanci, cikin 'yan shekaru Afrikaans ke ɓacewa daga cikinta. Suna kafa hujja da jami'o'in da a da Afrikaans ne harshensu, kamar ta Pretoria da ta Free State, waɗanda yanzu suka koma Turanci. Kowane ɓangare yana da misalai na gaskiya a hannunsa. A nan ya kamata a tuna cewa yawancin masu Afrikaans a gida ba farare ba ne, mutanen da ake kira masu ruwa biyu ne na lardunan Kef.

To ina Zulu a cikin wannan? Kusan babu. Yaran Ermelo Turanci suka je nema. Idan shugaban ma'aikata ya umurci makarantar Afrikaans ta ƙara harshe, abin da ya fi yiwuwa shi ne Turanci, domin shi iyaye ke so kuma shi ke da littattafai da malamai a shirye. Ɗan Bazulu na iya samun kujera a makarantar da a da ba ya shiga, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga iyalinsa, amma ba da harshensa zai yi karatu a can ba.

Shirin da ya shafi ɗan Bazulu kai tsaye

Shiri na biyu shi ne wanda ya taɓa harshen kansa. Manufarsa ita ce yaro ya ci gaba da koyon lissafi da kimiyya da harshen gida bayan aji 3, ana shigar da Turanci sannu a hankali gefe da gefe, ba a jefa shi cikinsa rana ɗaya ba. An gwada shi da Xhosa a yankin Cofimvaba na lardin Gabashin Kef tun 2012, sannan aka faɗaɗa shi zuwa sauran larduna daga aji 4 a 2025, da niyyar ƙara aji ɗaya kowace shekara.

Abin da ya ingiza gwamnati shi ne gwajin karatu na duniya na PIRLS na 2021, wanda ya nuna kashi 81 cikin 100 na yaran aji 4 ba sa iya karanta rubutu su fahimci ma'anarsa. A 2016 kashi 78 ne. Magoya bayan shirin suna cewa yaron da bai zauna da gindinsa a harshensa ba, ba zai tsallaka zuwa wani ba. Suna ambaton binciken Stephen Taylor da Marisa von Fintel, wanda ya gano cewa yaran da suka yi aji 1 zuwa 3 da harshen uwa sun fi iya Turanci daga baya a kan waɗanda aka fara musu da Turanci. Masaniyar harshe Kathleen Heugh kuma ta daɗe tana cewa shekara 3 ba ta isa ba, sai 6 zuwa 8. Ta nuna cewa yawan baƙaƙen da ke cin matrik cikin waɗanda suka zauna ta ya haura kashi 80 a 1976, ya faɗo ƙasa da rabi bayan an rage shekarun harshen uwa. Masu suka suna amsawa cewa a wancan zamani 'yan tsiraru ne ƙwarai ke kaiwa ajin ƙarshe, saboda haka alƙaluman ba sa auna abu ɗaya.

Masu shakka kuma suna da hujja mai nauyi daga PIRLS ɗin kansa. An gwada yaran ne da harshen da suka yi aji 1 zuwa 3 da shi. Ɗan Bazulu da Zulu aka gwada shi, kuma ya kasa. Ashe matsalar ta riga aji 4 zuwa: ajin da ya cika da yara, ƙarancin littattafan karatu, da malaman da ba a koya musu yadda ake koyar da karatu da harshen Afirka ba.

Wannan na ƙarshe yana buƙatar a tsaya a kansa. Rubutun Zulu yana haɗe abin da wasu harsuna ke rarrabawa. Abin da Bahaushe zai rubuta "ina son ki", Bazulu kalma ɗaya zai rubuta, ngiyakuthanda, mai Sepedi kuma kalmomi huɗu, ke a go rata. Jimla guda ta Zulu na iya zama kalmomi uku dogaye, kowacce da gaɓoɓi masu yawa, ga kuma haruffan c da q da x da ke wakiltar sautukan ƙyasta harshe da aka gada daga cuɗanya da mutanen Khoisan, tsofaffin mazauna kudancin Afirka. Dabarar haddace siffar gajerun kalmomi da ake amfani da ita a Turanci ba ta aiki a nan, dole yaro ya iya fasa kalma gaɓa-gaɓa. Shekaru da yawa ana horar da malamai da tsarin Turanci, ana auna yara da ma'aunin Turanci. Sai a 2020 ma'aikatar ilimi ta fitar da ma'auni na harsunan Nguni: yaro ya karanta kalma 20 daidai a minti ɗaya a ƙarshen aji 2, kalma 35 a ƙarshen aji 3. Na rukunin Sesotho da Setswana da ya biyo baya ya sa 40 da 60. Bambancin na tsarin rubutu ne, ba na ƙwaƙwalwar yara ba.

Akwai kuma tambayar wane Zulu. Na littafi ya ginu ne a kan na karkarar KwaZulu-Natal. Ɗan Soweto yana magana da Zulu mai cakuɗe da Sesotho da Turanci da Afrikaans, kusan yadda Hausar ɗan zangon Kumasi ta bambanta da ta littafin makaranta a Kano. Ga irin wannan yaro, sababbin kalmomin kimiyya da kwamiti ya ƙirƙira na iya zama baƙi kamar Turancin. Aji ɗaya a Gauteng na iya ƙunsar yara masu harsuna biyar ko shida. Idan aka ce a ɗauki mafi rinjaye, Zulu za a ɗauka, kuma masu Tshivenda da Xitsonga, waɗanda ba su kai kashi 5 kowannensu ba, suna da dalilin fargaba. A hare-haren ƙyamar baƙi na Mayun 2008, inda mutum 62 suka mutu, an riƙa tare mutane ana gwada su da kalmomin Zulu don a gane baƙo, kuma 21 daga cikin mamatan 'yan ƙasa ne.

Masu karatu a Nijeriya sun san wannan gardama. Gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru 6 na firamare a 2022, ta kuma soke manufar a Nuwamban 2025.

Me talaka zai gani?

A karkarar KwaZulu-Natal, inda malami da ɗalibai harshensu ɗaya, sauyin ya fi sauƙi, domin halasta abin da malamai suka daɗe suna yi a ɓoye ne. Ribar farko ita ce yaro zai iya amsa tambaya da harshen da aka yi masa bayani, kaka kuma da ba ta jin Turanci za ta iya duba littafin jikanta. Amma sai littattafan sun iso, kuma lardin yana fama da ƙarancin kuɗin da ya sa ko guraben malamai ke wuyar cikewa.

Iyaye masu hali za su ci gaba da kai 'ya'yansu makarantun Turanci na cikin gari, kamar yadda manyan 'yan siyasa ke yi. Idan shirin ya tsaya a makarantun da ba a biyan kuɗi kaɗai, zargin da aka yi wa Ilimin Bantu zai dawo, ko da niyyar ta bambanta.

A manyan matakan ilimi kuma akwai 'yar alamar sauyi. Jami'ar KwaZulu-Natal ta wajabta wa sababbin ɗalibai darasin Zulu tun 2014, da hujjar cewa likita ko ma'aikacin jinya da zai yi aiki a lardin ya kamata ya ji abin da majiyyaci ke faɗa, kuma tana tattara kalmomin fannoni kamar shari'a da aikin jinya. Masu suka sun ce darasin zango ɗaya ba ya mai da mutum mai jin harshe. Lardin Gabashin Kef ya taɓa ba 'yan ajin ƙarshe takardun jarrabawar gwaji da Xhosa a gefen Turanci, amma matrik ta ƙasa ba ta sauya ba, kuma ita ce iyaye ke kallo idan kwamitin makaranta ya kira taron zaɓen harshe. Yaran da suka shiga aji 4 a 2025 za su zauna wannan jarrabawa a 2033.